Asuba Ba Ta Matsawa: Barcinmu a Zango da Maganar Kansar Hanji

Duk malamin da ke shiga aji a darasin farko na safe ya san abin da zan faɗa. Kana gaban allo kana ta bayani, ka waiwayo sai ka ga kawuna biyu ko uku sun sunkuya. Wani ya tallafe haɓa, ido a buɗe amma mutumin ba ya nan. Wata kuma can baya ta kifa kai a tebur ta yi nisa. Da na fara koyarwa a nan Kumasi tsawa nake daka musu. Yanzu na daina, tambaya nake yi: ƙarfe nawa ka kwanta jiya?

Wata Litinin na ce wa ’yan ajina na biyu a ƙaramar sakandare, duk wanda ya kwanta kafin ƙarfe goma na dare ya ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su taka kara sun karya ba. Wasu waya ce ta riƙe su, wasu talabijin, wasu suka ce a ɗakinsu ba a kashe fitila sai babba na ƙarshe ya shigo. Ita kuwa yarinyar da ke barci a baya ko wayar ma ba ta da ita. Ƙarfe uku na dare take tashi ta hura wa mahaifiyarta wuta, domin waakye ya dahu kafin direbobin trotro su fito neman karin kumallo.

A cikin makon ne wani abokin aiki ya turo saƙo a zaurenmu na WhatsApp, wai masana sun gano ƙarancin barci yana kawo kansar ciki da ta hanji. Kun san irin saƙonnin nan masu jan alama da “tura wa mutum goma”. Aka yi ta raha, wani ya ce ashe mu masu duba takardun jarrabawa har ƙarfe ɗaya mun gama yawo. Ni dai na kasa dariya, domin kawu ne ya faɗo mini a rai.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Sama da shekara ashirin yana gadin wani sito a bakin kasuwa, shida na yamma zuwa shida na safe. In gari ya waye ba ya wucewa gida ya kwanta, sai ya zauna a teburinsa na goro har azahar, don kuɗin gadi ba ya riƙe iyali. Barcinsa shi ne ɗan abin da ya samu tsakanin azahar da la’asar a kan benci, a gidan haya mai ɗakuna fiye da goma, yara na guje-guje, ana daka, rediyo na ta yi. Abincinsa na gaske da tsakar dare yake ci. Muna yara har alfahari muke yi da shi, muna cewa kawunmu ba ya barci. Da ya fara ganin jini a bayan gida sai ya ce basir ne, abin da Tonawa ke kira kooko, ya sayi magani wajen masu talla a cikin mota. Ya sha na kwalba, ya sha na ƙulli. Bayan gidan ya riƙa rikicewa, yau gudawa gobe ya ƙi fita, wando ya fara yi masa yawa. Kafin a lallaɓa shi ya yarda a je asibiti an kusa shekara biyu, kuma ciwon ya riga ya tashi daga hanji ya kama hanta. Bai kai shekara sittin ba. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan.

Ban ce gadi ne ya kashe shi ba. Babu likitan kirki da zai ɗauki mutum guda ya nuna abu ɗaya ya ce wannan ne ya jawo masa kansa. Amma saƙon nan ya sa na zauna na karanta abin da masu binciken suka faɗa da kansu, kafin maganar ta bi hannu goma ta iso wayoyinmu. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, ga dai abin da na tarar.

A 2011 wasu masu bincike a jami’ar Case Western Reserve da ke Cleveland a Amurka suka fitar da sakamakon wani aiki. Mutum 1,240 ne suka zo a leƙa musu babban hanji da ’yar kyamara, kuma kafin a leƙa aka tambaye su yadda suke barci. An samu 338 daga cikinsu da wani ɗan tsiro a bangon hanji. Shi wannan tsiro bai zama kansa ba tukuna, amma daga irinsa ne yawancin kansar babban hanji ke farawa, a hankali, cikin shekaru. Da aka kwatanta, masu barcin ƙasa da awa 6 a dare sun fi masu awa 7 zuwa sama yiwuwar samun tsiron da kusan kashi 50 cikin 100.

To, kafin wani ya ce shi ke nan bari in ja bargo har hantsi, ga ɗaya ɓangaren. A 2013 masana na jami’ar Harvard suka duba bayanan ma’aikatan lafiya sama da dubu ɗari, maza da mata, waɗanda aka yi shekaru ana bibiyar lafiyarsu. Su kuma a wajen masu barcin awa 9 ko fiye suka ga ƙarin kansar babban hanji, musamman masu ƙiba da masu minshari. A wannan shekarar dai wani babban bincike a kan matan Amurka da suka daina al’ada ya ga ƙarin haɗari a ɓangarorin biyu, masu awa 5 zuwa ƙasa da masu awa 9 zuwa sama. Na tsakiya, wajen awa 7, su suka fi samun sauƙi. Sai a 2018 wasu masana a ƙasar Sin suka tattara irin waɗannan ayyuka wuri guda, na mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi. Da aka haɗa duk nau’o’in kansa ba su ga alaƙa mai ƙarfi da tsawon barci ba. Inda alamar ta sake ɓullowa shi ne tsakanin dogon barci da kansar babban hanji.

Kun ga ke nan saƙon abokina ya ƙara gishiri. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu na tafiya tare, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Duk ranar da ka ga laima da yawa a Kejetia za ka ga taɓo, amma ai ba laimar ce ta kawo taɓon ba. Sannan mutanen da bakinsu suka faɗi awannin barcinsu, kuma kowa ya san yadda ɗan Adam ke lissafin barcinsa. Yawancinsu ma Amurkawa ne, cimarsu daban da tamu. Shi dogon barcin kuma sau da yawa alama ce ta wani abu da ke ɓoye. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa da dare zai yi awa goma a gado ya tashi a gajiye. Wanda hanjinsa ke ɗigar da jini kaɗan-kaɗan ba tare da ya sani ba, jininsa zai yi ƙasa, kasala ta rufe shi, ya yi ta barci. A nan ciwon ne ya kawo barcin.

Duk da haka ban rufe maganar na ce shirme ce ba, saboda akwai ɓangaren da ya fi wannan nauyi: lokacin da ake yin barcin. Hukumar binciken kansa ta duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2007 ta sa aikin dare mai rikita agogon jiki a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa kansa. A 2019 ta sake zama a kan batun, ta bar shi a wannan rukuni, ta kuma ambaci kansar mama da ta babban hanji da dubura a cikin waɗanda aka ga alama. Rukuni ɗaya ke nan da jan nama, wanda aka sa a can a 2015. Wato hujjar ta kai a yi hattara, ko da yake ba ta kai irin ta sigari ba, wadda babu sauran musu a kanta.

Wannan agogon jiki ba kirari ba ne. A 2017 Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka samu kyautar Nobel saboda gano yadda yake aiki a cikin ƙwayoyin halitta, kuma a jikin ɗan ƙudan ’ya’yan itace suka gano shi. Agogon ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba, hanta tana da nata, hanji yana da nasa. Fatar cikin hanji tana sabunta kanta duk bayan ’yan kwanaki, ƙwayoyin halitta suna ta rabuwa suna kwafin kansu. Duk malamin da ya taɓa sa yara su kwafi rubutu daga allo ya san inda ake yawan kwafi nan kuskure ke shiga. Jiki yana da hanyar gyara kuskuren, kuma da rabuwar da gyaran duk suna bin agogon nan. Haske ne ke saita agogon ƙwaƙwalwa, in duhu ya yi sai ta saki sinadarin melatonin wanda ke shaida wa jiki dare ya yi. Lokacin cin abinci kuma yana saita na hanta da hanji. Wanda ke zaune ƙarƙashin fitila ƙarfe biyu na dare, waya a fuska, yana cin taliya da ƙwai, ya rikita duka biyun. A dabbobin gwaji an ga rikita wannan agogo yana hanzarta girman ƙari.

Akwai hanya ta biyu da ta fi sauƙin ganewa. A 2004 a jami’ar Chicago an hana wasu samari lafiyayyu barcin da ya wuce awa 4 na dare biyu kacal. Sinadarin da ke tayar da yunwa ya hau a jininsu, wanda ke shaida wa mutum ya ƙoshi ya sauka, suka riƙa kwaɗayin zaƙi da abinci mai nauyi. Ka ɗora wannan a kan shekara goma, ga tumbi ya fito, ga ciwon suga yana leƙe. Ita ƙiba kuwa babu ja-in-ja a kanta, a 2016 hukumar nan ta Lyon ta danganta ta da nau’in kansa 13, ciki har da ta babban hanji da hanta da maɗaciya da maƙoshi. Sai ƙwannafi. Mutum ya cika ciki ya kwanta nan take, ruwan tsamin ciki ya riƙa komowa maƙoshi yana ƙona shi. In aka shekara da shekaru a haka, fatar wurin tana iya sauyawa ta zama abin damuwa. Shi ya sa likitoci ke cewa a bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya.

Yanzu bari mu yi namu lissafin, don ya sha bamban da na waɗanda suka rubuta shawarar. Ƙungiyoyin likitocin barci a Amurka sun ce baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, ɗan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10, yaro ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Wanda ba ya tashi sallar asuba zai iya kwanciya sha biyu ya tashi bakwai, ya cika lissafinsa. Mu fa? Asuba ba ta matsawa. Ladan zai kira a kan lokacinsa ko ka yi barci ko ba ka yi ba. Idan wajen ƙarfe biyar saura za ka tashi, awa bakwai tana nufin kafin goma kana kwance. Gefe ɗaya na daren a kafe yake, ɗaya gefen ne kaɗai ke hannunmu, kuma shi ne muke wasa da shi.

Abin takaicin shi ne mun samu ƙasar da ta sauƙaƙa mana. Ghana tana kusa da tsakiyar duniya, dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Magariba wajen shida, isha bakwai da wani abu. Tsakanin isha da asuba akwai kusan awa tara, rani da damina. ’Yan’uwanmu da ke Hamburg ko Landan, a watan Yuni daren nasu ’yan awanni ne, isha ta yi nisa asuba ta yi kusa. Mu an ba mu tara cif, muna cin huɗu ko biyar a ciki.

Ina suke tafiya? In fara da kaina. A kwalejin horon malamai na koyi kwana ido biyu, goro a kumatu, kofi a gefe, muna ganin wanda ya kwanta da wuri ba da gaske ya zo karatu ba. Na fito na ci gaba da halin. A yi isha, a wuce bes, a ɗora attaya. Zagaye na farko, na biyu, na uku, kowanne da suga kamar za a yi alewa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne sinadarin da ke wartsake mutum a shayi da kofi da goro yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin da ka sha ƙarfe goma, ƙarfe uku na dare rabinsa yana nan yana aiki. Mukan ɗora wa ƙwallo laifi, alhali wasannin Turai na dare a agogonmu suna ƙarewa wajen tara ko goma. Musun da ke biyo baya ne ke kai mu sha biyu. Daga nan yunwa ta taso, a aika a sayo tsire ko Indomie. A dawo gida, ɗan’uwa na Bronx ya kira domin shi yanzu ya tashi aiki, New York tana bayanmu da awa huɗu ko biyar. A gama, a ce bari in ɗan duba TikTok minti biyar. Wallahi na sha ganin ƙarfe ɗaya da rabi a fuskar wayata ina da darasi ƙarfe takwas. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, to a Zango mu ne ke yi masa sata.

Kuma mun mai da abin kamar jarunta. Saurayin da ya ce zai tafi ya kwanta ƙarfe tara sai a tambaye shi ko ba shi da lafiya, ko amarya ce ta kafa masa doka. Wani zai ce ai kakanninmu tsakar dare suke tashi nafila kuma sun yi tsawon rai. Haka ne. Amma su ana idar da isha suke kwanciya, babu lantarki babu waya, kuma suna ƙailula da rana. Malamanmu ma sun sha gaya mana hira bayan isha ba abin so ba ce sai da dalili. Mun ɗauki tashin daren nasu mun yar da kwanciyar wurin. Na azumi ma ba shi ne damuwata ba, wata ɗaya ne, jiki yana iya ɗauka in an rama da rana. Sai dai a rage cika ciki da sahur a koma gado nan take. Damuwata ita ce sauran watanni goma sha ɗaya.

Akwai kuma barcin da muke sace wa juna. Muna ƙorafi idan cocin maƙwabta ta kwana tana kiɗa, kuma muna da gaskiya. To mu fa? Biki, suna, walima, wa’azin dare, a toshe layi a kafa lasifika huɗu har ƙarfe biyu. A cikin gidajen da ke kewaye akwai jariri, akwai tsohuwa mai hawan jini, akwai ɗalibin da zai rubuta jarrabawar BECE, akwai mahaucin da zai fita kafin asuba. Ban ce a daina taro ba, haba, Zango ba ta zama Zango sai da taro. Na ce a fara da wuri, ƙarfe goma ta yi a rage murya. Wannan ba ya buƙatar ’yan sanda ko hukumar kare muhalli, sarakunan Zango da limamai in suka haɗa baki a kai an gama. Bakinmu ma zai fi ƙarfi ranar da za mu je mu roƙi maƙwabci ya rage tasa.

Nan kuma dole in sassauta, domin akwai waɗanda wannan wa’azi nawa zai yi wa ciwo ba tare da laifinsu ba. Mai gadi irin kawu. Direban da ke ɗauko albasa daga Nijar ya kwana a hanya. Ma’aikaciyar jinya. Mai koko da ƙosai da ke tashi tun dare bai raba ba. Ka ce wa waɗannan su kwanta ƙarfe goma, ka yi musu ba’a ne kawai. Su maganarsu tana wuyan wasu. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta tanadi awa 40 na aiki a mako, da hutun awa 48 a jere duk mako. Mai gadi nawa a Zango ya taɓa ganin wannan hutu? Kuma sau da yawa mai shagon ko mai siton namu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da shi ranar Juma’a. Alhaji, in kana da hali ka ɗauki mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa. In ba hali, ka ba shi dare ɗaya ko biyu a mako ya kwana a ɗakinsa. Mu ’yan gida kuma, in mai aikin dare ya dawo, barcinsa na rana shi ne darensa. A ba shi ɗaki mai duhu, a kori yara daga bakin ƙofa, a daina tashinsa don an yi baƙo. Shi ma ya ci abincinsa mai nauyi kafin ya fita aiki, na tsakar dare ya zama ɗan kaɗan. Da mun san wannan da kawu bai yi shekara ashirin yana barcin benci ba.

Tsorona da irin saƙon WhatsApp ɗin nan shi ne kada wani ya gyara barcinsa ya ce ya tsira. A ƙasar nan kansar hanta tana cikin na gaba-gaba wajen kisa, kuma babban sanadinta sananne ne: ciwon hanta nau’in B. Ghana ta fara sa rigakafinsa cikin allurar jarirai a 2002. Ma’ana mu da aka haifa kafin nan, ni da sa’o’ina da yayyenmu, yawancinmu ba a yi mana ba. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar shekara da shekaru bai ji komai ba. Gwajin ɗigon jini ne, wanda ba shi da ita a yi masa allura, wanda ke da ita a riƙa duba shi. Sai gubar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, ita ma hanta take ci, kuma in ta haɗu da ciwon hanta haɗarin ninkuwa yake. Ga ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, wanda muke ce wa olsa, tun 1994 aka tabbatar tana haddasa kansar ciki, alhali ana gwada ta kuma magani yana kashe ta. Ga sigari da shisha da giya. Waɗannan hujjarsu ta fi ta barci ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ita kuwa kansar babban hanji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 sama da mutum miliyan 1.9 suka kamu, fiye da 930,000 suka mutu. Kuma ta daina zama ciwon tsofaffi kaɗai. Chadwick Boseman na fim ɗin Black Panther yana da shekara 43 ta kashe shi a 2020. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Abin da ya sa ake nacewa a kan gwajin shi ne ɗan tsiron nan da na ambata ana iya cire shi tun bai zama komai ba. Don haka jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko ya rikice na makonni, ko rama ba dalili, ko abinci ya riƙa tsayawa a maƙoshi, ko kasala da yawan barcin da ba ka saba ba, kada mai talla a mota ya zama likitanka. Yawanci basir ɗin ne, gaskiya ne. Amma a bar wanda ya duba ya faɗa. Kunyar a duba mutum ta ƙasa ita ta ci mana shekara biyu a kan kawu.

Ni dai na je an gwada mini hanta, na kai maiɗakina ita ma. Attaya na tsaya a zagaye na farko, abokai sun yi mini tsiya har sun gaji. Duba takardun yara na mai da shi bayan asuba, waya kuma a falo take kwana. Ba kullum nake cika bakwai ɗin ba, mai jariri a gida ya san dalili.

Mahaifiyar yarinyar nan kuwa na same ta a wajen sana’arta wata Asabar. Ta zuba mini waakye ta ƙi karɓar kuɗi. Na ce, “Mama, ’yar nan taki tana da kai sosai, amma barci take yi mini a aji.” Ta yi shiru tana juya ludayi, sannan ta ce, “Ticha, na ji. To wa zai hura wutar?” Na tambaye ta wanta fa, wanda nake gani a bes. Ta yi dariya ta ce, “Wannan? Ƙarfe ukun ai bai daɗe da shigowa ba.” Muka daɗe muna magana, aka kira shi, ya zo yana soshe-soshen ƙeya. Aka tsaya a kan zai karɓi kwana uku a mako, ita ta yi barcinta har asuba. Shi ma dole ta sa ranakun nan yana barin bes da wuri. Ranar Laraba yarinyar ta amsa mini tambaya biyu, har ta gyara wa wani lissafi a allo. Ranar Alhamis, wadda take tata ce ta wuta, ta sake kifa kai a tebur. Ban tashe ta ba sai da aka buga ƙararrawa.